Lambar gaggawa ta 112 a Legas: abin da na gani daren da na kira

Albasa nake sayarwa a kasuwar Mile 12. Wani dare cikin damina, muna sauke buhuna daga tirelar da ta taso daga Sakkwato, sai wasu samari suka yi wa yaron mota ƙawanya suna neman ƙwace kuɗin da ke jikinsa. Na kira 112, ɗaya daga cikin lambobin gaggawa na kyauta da jihar Legas ta tanada. Ɗayar ita ce 767. Matar da ta ɗauka ba ta ɓata lokaci ba. Ta tambayi inda nake, ta nemi in faɗi wata alama da ake hangowa daga titin Ikorodu, kuma ta yi magana a natse har hankalina ya kwanta. Wannan ɓangare na aikin ya cancanci yabo.

Motar sintiri daga wani ofishin 'yan sanda ta iso bayan samarin sun tsere. Ban ga laifin sajan ɗin ba, domin da na leƙa motar na ga allurar mai ta kwanta, tayar baya ta suɗe, ga shi cunkoso ya riƙe su a Ketu.

A nan ne na fahimci cewa kira da ɗauki sarƙa ɗaya ce mai ƙulli da yawa. Tun 2007, zamanin Gwamna Babatunde Fashola, Legas ta kafa asusun tallafa wa tsaro wanda kamfanoni da masu hali suke zuba wa kuɗi, ana sayen motoci da babura da na'urorin sadarwa, alhali su 'yan sandan ma'aikatan gwamnatin tarayya ne. Mota kowa yana ganinta ranar da aka miƙa makulli, amma man da za ta sha, da bakaniken da zai duba ta, da hutun direban da ya kwana a kan titi ba a ƙirga su a gaban jama'a, kuma su ne suke yanke lokacin isowa. A ganina, mintunan da ke tsakanin kira da isowar mota su ya kamata a riƙa auna aikin da su, unguwa bayan unguwa, daga Agege zuwa Idi-Araba.

Na sa yaran rumfata sun adana lambobin biyu, na kuma koya musu su fara da faɗin sunan tashar mota mafi kusa.