Kambin Silla da Adon Baekje: Ba Kabari Ɗaya Ba Ne

Malam, ka tambaya ko kambin zinariyar da shugaban Koriya ta Kudu ya ba Trump kwafinsa a 2025 shi ne wanda aka tono a kabarin Sarki Muryeong. A'a, kayan Silla da Baekje ne, tsoffin masarautu biyu daban a Koriya, kuma maƙwabtan da suka sha gwabzawa.

Wanda aka kwaikwaya ɗin na masarautar Silla ne, daga kabarin Cheonmachong da ke Gyeongju, wanda aka tono a 1973. Kambi ne sosai: zobe mai zagaye kai, da sanduna uku masu rassa kamar bishiya, da biyu masu kamar ƙahon barewa. An rataya masa ƙananan faifan zinariya da korayen duwatsu masu lanƙwasa, kowanne a ɗaure da siririyar waya, ko ɗan motsi aka yi sai ya hau rawa yana walƙiya. Sai dai farantin siriri ne ƙwarai, shi ya sa wasu masana ke ganin na binne mamaci ne, ba na zaman fada ba. Abin da ya fi ba ni mamaki yana a wani kabarin Silla, na Hwangnam, inda aka binne mace da namiji: macen ce aka binne da kambin zinariya, namijin kuwa na tagulla mai ruwan zinariya ya samu.

Na Muryeong, sarkin Baekje, ba kambi ba ne ma. Ado ne guda biyu da aka yanka daga farantin zinariya, suna tashi kamar harshen wuta da furanni a jiki, tsawonsu wajen santimita 30, ana soka su a hular alharini. Na sarki yana da ƴan faifan nan masu rawa, na matarsa babu.

In ƙawa kake nema, Silla ta yi gaba. Amma ni na Baekje na fi ɗauka da daraja. Galibin kaburburan Silla tulin duwatsu ne a kan ɗakin katako, ɓarayi sun kasa shiga, amma har yau ana gardamar wane ne a ciki. Na Muryeong kuwa, da ma'aikatan magudanar ruwa suka ci karo da shi a Gongju a 1971, ɗakin bulo ne da ba a taɓa ba, da allon dutse mai sunan sarkin da shekarar rasuwarsa, 523. Katakon akwatin gawar daga Japan aka kawo shi, salon ginin na kudancin Sin ne. Har a cikin munduwar azurfar sarauniya an rubuta sunan maƙerin, Dari, da shekarar da ya ƙera ta, 520.

Abin takaici, cikin dare ɗaya aka kwashe kayan saboda cunkoson ƴan jarida da ƴan kallo, kuma jagoran aikin, Kim Won-yong, daga baya ya yi nadamar wannan gaggawa.