Mu hau dutsen a ayari ɗaya ko mu rabu gida biyu?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko a hawan dutsen da ƙungiyarmu za ta yi ranar Asabar ya fi kyau mu ashirin ɗin nan mu tafi tare, ko a raba mu gida biyu, masu ƙafa daban, masu tafiya a hankali daban. Na bi tsarin nan biyu ba sau ɗaya ba, ga abin da na gani.

Ayari ɗaya yana da daɗinsa. Jagora ɗaya, mai tsaron baya ɗaya, akwatin agajin gaggawa ɗaya ya wadatar. Sabon shiga yana tafiya kusa da tsohon hannu, yana kallon inda yake ajiye ƙafa a kan duwatsu masu santsi, kuma wannan ilimi ne da ba a koyonsa a zaune. In wani ya yi targaɗe, ga hannaye da yawa. Kuma ai don zumunci aka kafa ƙungiyar tun farko.

Matsalarsa tana fitowa ne da zarar hawa ya yi tsauri. Masu ƙarfi sukan yi gaba su zauna jira, jikinsu sharkaf da gumi, iska tana kaɗa su. Yawanci zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6.5 a duk hawan mita 1,000, don haka wanda ya zauna minti ashirin a sama da jiƙaƙƙiyar riga, sanyi zai kama shi. Na baya suna isowa suna haki, sai na gaba su miƙe su ce a ci gaba. Wanda ya fi kowa buƙatar hutu shi ne ba ya samun ko minti ɗaya. Wannan abu yana ci mini rai, domin mutum yakan ji kunyar cewa ya gaji, sai ya yi shiru ya takura kansa, kuma gajiyayyar ƙafa ita ke zamewa a gangara. A ƙarshe ayarin yakan tsinke da kansa, na gaba ba sa ganin na baya, a wata mararraba wani ya bi hanyar da ba ita ba. Rabuwar da ba a shirya ba, ita nake tsoro fiye da komai.

Rabuwa gida biyu tun daga gindin dutse tana kashe wannan matsala, amma tana da nata sharuɗɗan. Kowane gida dole ya zama cikakke: jagoransa da ya san hanya, mai tsaron baya, taswira da kamfas, kayan agaji, tocila da usur. Kada a dogara da waya wajen haɗa gidajen biyu, domin sabis yakan ɗauke a cikin kwazazzabai, sanyi kuma yana cinye batir. Kada gida ya gaza mutum huɗu, saboda in ɗaya ya ji rauni, ɗaya ya zauna da shi, biyu su tafi neman taimako. Kowa kuma ya san kiran neman agaji na tsaunuka: busa usur sau shida, a dakata minti ɗaya, a maimaita. Amsarsa busa uku.

Wajen lissafin lokaci, akwai ƙa'idar da William Naismith, wani mahayin tsaunuka ɗan Sikotlan, ya fitar a 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane hawan mita 600. A ce doguwar hanya kilomita 12 ce da hawan mita 900, kusan awa huɗu ke nan. Gajeriyar kilomita 8 da hawan mita 500 kuwa kusan awa biyu da rabi. Sai dai lissafin na mai ƙarfi ne, kuma babu hutu a ciki. Mutum ashirin da za su tsallake rafi ɗaya bayan ɗaya, wannan ya tsaya ɗaure takalmi, wancan shan ruwa, za su wuce haka nesa ba kusa ba. Gida mai mutum goma ya fi kusantar lissafin.

Akwai aibi ɗaya da ba zan ɓoye ba. Wasu ba sa son a kira su masu tafiya a hankali, sai su kutsa cikin masu sauri alhali ba za su iya ba. Maganin shi ne a daina raba mutane, a raba hanyoyi: ga doguwa mai kaiwa ƙololuwa, ga gajeriya, kowa ya zaɓa bayan an faɗa masa tsawo da hawa.

Ni dai ra'ayina, in muna da jagorori biyu da suka san dutsen, mu rabu. In jagora ɗaya ne, ko an yi hasashen hazo ko tsawa, mu tafi tare a gajeriyar hanya, a sa mai tafiya a hankali a bayan jagora kai tsaye, kada kowa ya wuce shi. Ko wanne muka ɗauka, a tsayar da ƙarfe nawa za a juyo ko an kai ƙololuwa ko ba a kai ba, a ƙirga mutane a kowace mararraba, a kuma bar wa wani a ƙasa sunayenmu da hanyar da za mu bi.