Ɗan Ayari ko Madugu: Hanyoyi Biyu na Rayuwar Makaɗin Jazz

Ɗan'uwa, tambayarka biyu ce a haɗe. Ka ce kana ganin sunan makaɗi ɗaya a bayan fayafayen mutane ashirin, sai kuma ka gan shi da nasa faifan, sunansa a gaba da manyan haruffa. Wane bambanci ke tsakanin matsayin biyu, kuma wanne ya fi wa mai tasowa? Bari mu kira mai ƙungiya madugu, wanda aka ɗauko ya yi masa kiɗa kuma ɗan ayari. Sana'o'i biyu ne daban, kowacce da jarinta da irin asararta, kuma yawancin manyan makaɗan yau suna riƙe da duka biyun a lokaci guda.

Kada ka ɗauki ɗan ayari kamar ɗan amshi a kiɗanmu na gargajiya. A jazz kowa ana ba shi fage: a buga jigon waƙa tare, sannan mabushi ya ƙirƙiro nasa nan take, mai fiyano ya karɓa, mai bes (babban goge mai kaurin murya) da mai ganga su ma a sakar musu. Saboda haka ɗan ayari na iya fin madugunsa ƙwarewa, kuma kowa a zauren ya san da haka.

Ta fuskar shiga, ɗan ayari ba ya neman aiki da takarda. Waya ake yi masa, kuma wayar tana zuwa ne daga wanda ya taɓa jin sa a dandali. Abin da ake nema a wurinsa a bayyane yake: ya haddace ɗaruruwan tsofaffin waƙoƙin da kowane makaɗin jazz ya sani, ya iya buga su a kowane matakin murya aka ɗauko, ya karanta rubutun kiɗa a kallon farko, ya zo kan lokaci. Sau da yawa gwaji ɗaya ake yi da rana, da dare a hau dandali. Wani lokaci gwajin ma babu. Christian McBride ya iso New York daga Philadelphia a 1989 yana ɗan shekara 17, kuma kafin ya fitar da faifan kansa na farko a 1995 ya riga ya yi wa manya irin su mai ƙaho Freddie Hubbard kiɗan bes. Madugu kuwa babu mai kiransa sai ya fara kiran mutane. Shi zai rubuta waƙoƙi ko ya sake tsara na da, ya fitar wa kowane kayan kiɗa takardarsa, ya kama ɗakin gwaji, ya ɗauki faifai, sannan ya bi masu gidajen kiɗa da masu shirya bukukuwa har su yarda cewa sunansa zai cika kujeru.

Maganar kuɗi ita ce inda matasa suka fi ruɗewa. Ɗan ayari ana yanka masa lada tun kafin tafiya, kaza a kowane dare ko kaza a mako, ga masauki, ga kuɗin abinci. Zaure ya cika ko ya zama wayam, nasa ba ya canjawa. Madugu shi ake miƙa wa dunƙulen kuɗin, amma kowa sai ya ci kafin shi. Dillalin da ya samo wasan yakan ɗauki kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, manaja in akwai shi ya ɗauki 15 zuwa 20. Daga nan sai tikitin jirgi, mota, otal na daren da babu wasa, haraji, da ladan 'yan ayari. Baƙon makaɗi da ya je wasa Amurka, a ƙa'ida ana riƙe kashi 30 na kuɗinsa a matsayin haraji sai in ya yi yarjejeniya ta musamman tun da wuri, ban da wahalar biza. Abin da ya rage shi ne na madugu. A rangadi mai kyau ya fi kowa samu nesa ba kusa ba. A rangadin da aka soke wasa biyu a tsakiya, zai koma gida da bashi alhali mai gangarsa ya koma da kuɗi a aljihu.

Daren da babu wasa shi ne babban ramin da ke cinye rangadi. Mutum huɗu a otal a Turai, babu abin da ke shigowa, ga lada tana tafiya. Shi ya sa ake rububin watan Yuli, lokacin da bukukuwan Montreux a Suwizalan, North Sea a Rotterdam da Umbria a Italiya ke zuwa kusa da juna, ana tsara su tun kusan shekara guda kafin lokaci. Shi ya sa kuma zama a wuri ɗaya ke da daraja. A Village Vanguard na New York, gidan ƙarƙashin ƙasa mai kujeru 123 da aka buɗe a 1935, ana ba ƙungiya dare shida, Talata zuwa Lahadi, hawa biyu kowane dare. Babu jirgi, babu jigilar kaya, kuma zuwa daren Juma'a kiɗan ya nuna irin nunar da gwajin wata guda ba zai kawo ba.

Kayan kiɗan kansu suna da hannu a lissafi. Mai fiyano ba ya ɗaukar komai, abin da ya tarar shi zai buga, ko da wayoyinsa sun saki. Mai ganga yakan tafi da farantan tagullarsa da sanduna kawai, a yi masa hayar sauran. Mai bes ya fi kowa shan wuya, don babban gogen nan mai tsayin mutum kamfanonin jirgi da yawa ba sa son ɗaukarsa, sai ya karɓi na haya wanda hannunsa bai saba da shi ba. Duk wannan madugu ne zai rubuta shi dalla-dalla a takardar buƙatu da ake liƙa wa kwantiragi: girman ganga, irin amsa-kuwwa, da cewa a ɗaure wayoyin fiyano ranar wasa. In ya manta layi ɗaya, shi za a kalla.

Akwai kuma wani abu da kayan kiɗa ke yankewa. Kusan kowace ƙungiya tana buƙatar bes da ganga, amma ba kowacce ke buƙatar mabushi na biyu ba. Saboda haka mai bes ko mai ganga da ya ƙware zai iya rayuwa da kiran waya har tsufa. Mai bes Ron Carter, wanda ya shiga ƙungiyar shahararren mai ƙaho Miles Davis a 1963, an ƙirga masa fiye da fayafaye 2,200, kuma galibinsu na wasu ne. Mai saksofon ko ƙaho kuwa guraben sun yi masa kaɗan, dole ta kan tura shi ya kafa tasa da wuri.

Inda tazarar ta fi faɗi ita ce bayan an gama ɗaukar faifai. Ɗan ayari an biya shi ladan zama, shi ke nan. Ƙirƙirar da ya yi a fagensa, ko da ita ce abin da masu sauraro ke maimaitawa, ba a lissafa ta a matsayin rubutun waƙa. Kuɗin haƙƙin mallaka na wanda sunansa ke kan waƙar ne, ta hannun ƙungiyoyi irin su ASCAP da BMI. A kuɗin haƙƙin da ƙungiyar SoundExchange ke tarawa a Amurka daga rediyon intanet da na tauraron ɗan'adam, rabi na wanda ya mallaki haƙƙin faifan ne, kashi 45 na wanda sunansa ke gaba, kashi 5 kacal ake raba wa duk sauran makaɗan. A nan muke ganin shawara mafi amfani ga ɗan ayari: ya riƙa rubuta waƙa, ya yi mata rajista da sunansa, ya nemi madugu ya sa ko da ɗaya a faifai. Mai saksofon Wayne Shorter haka ya yi a wurin mai ganga Art Blakey da Miles Davis, kuma waƙoƙin da ya rubuta yana ɗan ayari har yau ana buga su a ko'ina.

Kowane ɓangare da irin ciwonsa. Ɗan ayarin da ya yi fice kwanakinsa kan yi karo, ya fara tura wakili, har madugu ya gaji ya nemi wani. Ko kuma ya shekara ashirin yana sauya launi don ya dace da kowa, ranar da ya tashi yin nasa faifan a rasa muryarsa a ciki. Madugu kuma aikin ofis kan cinye masa lokacin gwajin kansa, ya wuni kan wasiƙu da lissafi, hannunsa ya yi sanyi. Babbar fargabarsa ita ce riƙe mutane. Ƙungiyar mai saksofon Joshua Redman ta 1994 ta haɗa Brad Mehldau a fiyano, McBride a bes, Brian Blade a ganga. Ba ta daɗe ba, don kowannensu ya yi girman da ba zai zauna a inuwar wani ba. Da suka sake fitar da faifai tare a 2020, sunaye huɗu ne a gaba, kuma kowa ya kawo waƙarsa.

Babbar ƙungiya kuwa sai mai taurin zuciya. Maria Schneider tana jagorantar makaɗa kusan 18 tun farkon shekarun 1990, kuma ba ta buga komai a dandali, rubutu da jagoranci ne aikinta. Kuɗin ɗaukar faifan irin wannan taro ya fi abin da kamfani zai yarda ya zuba, don haka ta koma tara shi kai tsaye daga masoyanta ta hanyar shafin intanet na ArtistShare. Faifanta na 2004 ya ci kyautar Grammy ba tare da an sayar da shi a shago ba.

To wanne za ka ce wa matashi ya fara? Mu dai mun karkata ga ya fara bin ayari, amma ya zaɓi madugun da zai koya a wurinsa, ba wanda ya fi biya ba. A zamaninta ƙungiyar Blakey makaranta ce: mai ƙaho Wynton Marsalis ya shiga a 1980, Terence Blanchard ya gaje shi a 1982, dukansu suka fita suka zama madugai. Lionel Loueke, mai jita daga Jamhuriyar Benin, ya bi ta Abidjan, Paris da Boston, ya yi wa Blanchard kiɗa, ya daɗe tare da mai fiyano Herbie Hancock, kuma a duk tsawon wannan lokaci bai saki ƙungiyarsa ta mutum uku ba. Blade ya yi kusan shekara ashirin a bayan Shorter yana kuma jan tasa Fellowship Band tun 1997. A Landan, Femi Koleoso ya yi wa mawaƙiya Jorja Smith da ƙungiyar Gorillaz ganga yayin da yake gina Ezra Collective, wadda ta zama ƙungiyar jazz ta farko da ta ci kyautar Mercury, babbar kyautar fayafayen kiɗa ta Birtaniya, a 2023.

In matashin naka ya tashi kafa tasa, ya fara da mutum uku ko huɗu waɗanda ke gari ɗaya da shi, ya nemi dare ɗaya tabbatacce a kowane mako a ƙaramin wuri, ya faɗa wa kowa ladansa kafin a hau dandali, ya kuma biya su a daren ko da daga aljihunsa ne. Labarin madugun da ke jinkirta biya yana zagaya gari cikin mako guda, kuma masu bes da masu ganga su ne farkon waɗanda za su daina ɗaga wayarsa.