Katin Huda ko Allo Mai Madannai

Waɗanda suka yi aiki da manyan kwamfutocin IBM a shekarun 1960 sun san wahalar katin huda. Kati ne na takarda da ake hudawa don ba kwamfuta umarni. Kati ɗaya layi ɗaya ne na shiri, wato jerin umarnin da ake ba ta, mai gurbi 80. Za ka zauna gaban na'urar IBM 029 kana bugawa tana huda katin, kuma harafi ɗaya ya kuskure, sai dai ka jefar da shi ka ɗauko sabo. A FORTRAN, wani harshen rubuta shirin kwamfuta, umarni yana zama daga gurbi na 7 zuwa 72, takwas na ƙarshe kuma na lambar jeri ne. Masu wayo kan ja layin alƙalami a karkace a saman damin katunan, don in damin ya suɓuce ya watse a ƙasa su iya mayar da kowane wurinsa. Ka miƙa wa ma'aikaci damin ta taga, ka jira sa'o'i, wani lokaci har washegari, takarda ta fito ta ce waƙafi ɗaya ka manta.

Allo mai madannai kuwa ya biyo bayan tsarin da mutane da yawa ke amfani da kwamfuta ɗaya a lokaci guda, wanda aka gwada a jami'ar MIT ta Amurka a 1961. Ka rubuta, ta amsa nan take, ka gyara.

Ni dai allon na zaɓa, ba ko tantama. Amma ina girmama masu kati ƙwarai, domin suna bin shirinsu layi-layi da fensir a kan takarda kafin su kusanci na'urar huda.