Gargaɗi kan mai sayar da darasin gyaran hoto da ya ci mini naira 52,000

Assalamu alaikum. Na yi mako biyu ina jinkirin rubuta wannan magana saboda kunya, amma jiya da daddare na sake cin karo da tallarsa a Facebook, ya canza suna, hoton faɗuwar ranar nan da ya ja ni kuwa yana nan a gaba, sai na ga shirun da nake yi zai jefa wani a ramin da na faɗa. Naira 52,000 ya karɓa daga hannuna, ban da ladan da mai POS ya cira har sau uku. Kuɗin riɗin da na sayar ne bayan girbi, ba tsintarsu na yi a hanya ba.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Kiri Kasama a Jigawa, ina kuma ɗaukar hoton biki da suna da wata tsohuwar kyamara da na saya a Kano. Abin da raina ya fi so shi ne hoton fili, musamman dausayin Baturiya a lokacin hunturu, sa'ad da tsuntsayen da suke gudo sanyin Turai suke sauka a ruwa, masunta suna ratsa kachala da kwale-kwale, goruba tana tsaye a bakin gaɓa. Duk wanda ya taɓa gwada irin wannan ɗauka ya san ciwon da ke cikinta. Layin da sama ta haɗu da ruwa yakan fito a karkace kamar tafkin zai tsiyaye ta gefe guda, hazo yakan wanke launi ya bar hoton fari-fari, ƙurar da ta shiga cikin kyamara takan bar ɗige-ɗige a sararin sama, idan kuma ka fuskanci rana sai saman ya ƙone ya zama fari fat, ƙasan kuma ya yi duhu. Waɗannan matsaloli huɗu su ne ya lissafa a tallarsa, ɗaya bayan ɗaya, kamar ya leƙa cikin kyamarata.

Ina son a fahimci cewa ban tura masa kuɗi haka kawai ba. Shekarata goma sha ɗaya ina koyarwa, ni ne ma nake yi wa mutanen ƙauyenmu bayani idan aka turo musu saƙon ƙarya na cin kyauta. Na gwada shi. Na tura masa hoto guda na wani masunci a kan ruwa, wanda ya karkace kuma hazo ya rufe shi, cikin minti ashirin ya dawo mini da shi a miƙe, launin ruwan ya fito, ɗigon ƙurar ya ɓace. Ina zaune a kan benci a gindin darbejiyar makaranta lokacin tara, na buɗe hoton, na yi ta kusanto da shi ina nisantawa. Sai ga saƙon murya, ya yi sallama cikakkiya, ya ce: "Malam, ai kai malaminmu ne, ba zan ci haƙƙin mai koyar da yara ba." Wannan jimla ita ce nake ta maimaitawa a raina har yau. Da a rubuce ya turo ta wataƙila da na tsaya na yi tunani, amma murya ce ta dattako, har da tarin nan na mai shekaru, ana kuma jin kiran salla a bayansa.

Naira 30,000 ɗin da na biya shi na lasisin manhaja, wato izinin amfani da ita, su suka fi yi mini zafi. A'a, kafin su akwai naira 15,000 na darasi, waɗanda na tura ranar da aka yi gwajin, bayan la'asar, na hau babur har inda mai POS yake domin sabis ɗin ƙauyenmu ba ya ɗaukar tura kuɗi. Ya yi alkawarin bidiyo ashirin da Hausa, daga miƙe hoto har zuwa gyaran sama. Bayan kwana biyu ne ya kawo maganar lasisi, ya ce darasin ba zai yi amfani ba sai da Lightroom cikakke, wato manhajar gyaran hoto, kuma yana da lasisin har abada a naira 30,000, saura guda biyu. Na biya. Sannan ya ce lasisin ya maƙale, sai an biya naira 7,000 kuɗin buɗewa. Na biya wannan ma, kuma a nan ne ba ni da abin kare kaina, domin mai POS ɗin da kansa, yaron da na koyar a aji huɗu, ya dube ni ya ce: "Malam, wannan asusun ai ba sunan da ka faɗa jiya ba ne." Na ce masa na ƙanensa ne, haka ya gaya mini. Idan aka haɗa 15,000 da 30,000 da 7,000, shi ne 52,000.

Na tsallake maganar hoto na biyu, alhali shi ne ya sa na saki jiki na biya kuɗin lasisin. Hoton safiya ne da na ɗauka a watan Disamba, garken dinya suna tashi daga ruwa, amma saman ya ƙone gaba ɗaya. Ya dawo mini da shi da gajimare masu kauri, gefensu ja kamar garwashi, ya ce ba abin da ya ƙara, saman yana ɓoye ne a cikin hoton, shi ya fito da shi, kuma wannan sirrin ne zai koya mini. Na ji daɗi har na kai aka wanke mini shi babba a Haɗeja, aka saka a firem. Baffana, wanda ya tsufa a kan ruwa yana su, shi ne ya fara kallonsa a zaure. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce: "Ɗana, yaushe aka yi hadari a tsakiyar hunturu? Kuma ina inuwar gajimaren a cikin ruwan?" Na karɓa na duba. Sama cike da hadarin damina, ruwan da ke ƙasa kuwa fari fat, babu alamar gajimare ko ɗaya a cikinsa. Saman wani hoto ya yanko ya liƙa a kan nawa, ni kuma da nake taƙama da ido ban gani ba sai da tsoho mai shekara saba'in ya nuna mini.

Wani tsohon ɗalibina da ke karatun kwamfuta a Dutse ne ya warware mini sauran lokacin da ya zo hutu. Ya ce hoton JPEG, wato tsarin da aka saba ajiye hoto da shi, yana ajiye kowane launi cikin ukun nan, ja da kore da shuɗi, a matakai 256, daga 0 zuwa 255, kuma duk wurin da ukun suka kai 255 fari ne zalla, babu wani bayani da ya rage da za a dawo da shi, ko wane ne mai gyaran. Wanda ya ɗauka da tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, yana da ɗan sarari na ceto haske, ni kuwa JPEG na ɗauka, na kuma tura ta WhatsApp a matsayin hoto, wanda yake matse shi ya ƙara rage ingancinsa. Canza sama ba sirri ba ne, tun shekarar 2020 aka saka maɓallinsa a manhajar gyaran hoto ta Photoshop. Gyaran farko kuma, wanda ya sa na amince, yaron ya maimaita shi a gabana da Snapseed, manhajar Google da ake saukewa kyauta: ya juya hoton kaɗan har layin ruwa ya miƙe, ya ƙara bambancin haske da duhu domin rage hazo, ya dangwala yatsa a kan ɗigon ƙurar ya goge shi. Bai kai minti uku ba. Abin minti uku na kyauta shi ne ya buɗe aljihuna har naira 52,000.

Batun lasisin har abada ma ƙarya ce tsagwaronta. Kamfanin Adobe, mai Lightroom, ya koma tsarin biyan kuɗi wata-wata ko shekara-shekara, kuma Lightroom 6 na shekarar 2015 shi ne na ƙarshe da aka sayar sayen gaba ɗaya. Abin da mai tallar ya turo mini wata manhaja ce da aka yi wa kutse, wayata ma ta yi gargaɗi kafin na saka ta, ya ce in yi watsi da gargaɗin. Bidiyon kuwa guda uku na samu maimakon ashirin, babu na Hausa ko ɗaya, an sauko da su ne daga YouTube, tambarin masu su yana nan a kusurwa. Da na yi masa magana ya ce in yi haƙuri mahaifiyarsa tana asibiti, har na yi mata addu'ar samun sauƙi. Washegari ya toshe lambata.

Kada ku sayi lasisin manhaja a hannun mutum ta WhatsApp, kada ku tura kuɗi asusun da sunansa ya saɓa da na mai tallar, kuma hoton gwaji ba hujja ba ne.

Ina da rasit ɗin POS guda uku, ina da saƙonnin muryarsa guda tara, har da wanda ya ce ba zai ci haƙƙin mai koyar da yara ba, ina kuma da hoton allon hirarmu tun daga sallamar farko. Zan saka su duka da zarar ɗalibin nan nawa na Dutse ya nuna mini yadda zan rufe lambar wayata a jikinsu. Na kai ƙorafi banki, sun ba ni takarda na cike, sun ce in jira. Uwargida har yanzu naira 15,000 ta sani, ban sami bakin gaya mata sauran 37,000 ba, ga shi jiya ta tambaye ni dalilin da ya sa na sauke firem ɗin daga bangon zaure na tura shi ƙarƙashin gado.