Sun ce olsa ce, ashe sitent ne ya karye

Aikin sa sitent ɗin (ƙaramin bututun ƙarfe da ake sawa don jijiyar zuciya ta zauna a buɗe) kam ba ni da abin cewa. A Abuja aka yi wa Baba, ta wuyan hannu aka shiga, aka sa guda biyu a jijiyar dama ta zuciya, bakin ɗaya ya hau kan ɗaya. Da muka dawo Gombe, wani asibitin kuɗi ya karɓi duba shi, kuma da farko sun burge ni. Aspirin 75 da clopidogrel 75, magungunan hana jini daskarewa, ba su taɓa yankewa a wajensu ba.

Ranar da aka kai shi bayan asuba, zufa ta jiƙa masa riga, yana dafe da saman ciki yana amai, ECG (awon bugun zuciya) ɗaya tak suka yi. Suka ce olsa ce, suka rubuta omeprazole. Wannan ya ƙona min rai. Toshewar jijiyar dama ta saba zuwa da kamar ciwon ciki. Mai sitent in ya zo haka, ana maimaita ECG duk bayan minti 15 zuwa 30, a auna troponin (gwajin jini da ke nuna raunin zuciya), a sake aunawa bayan awa uku. Shi kuma omeprazole rage wa clopidogrel ƙarfi yake yi, shi ya sa ake zaɓen pantoprazole.

Sai da aka mayar da shi Abuja aka ga sitent ya karye dab da mahaɗar nan, jini ya daskare a wurin. Ba abin mamaki ba ne. Jijiyar dama tana lanƙwasa da kowane bugu, kusan sau dubu ɗari a rana. Inda ƙarfe ya ninka biyu yakan sandare, gefensa ya yi ta lanƙwasa kamar wayar da ake murɗawa, har ta tsinke. Dogon sitent, jijiya mai tauri, da hura balan-balan ɗin da ake buɗe sitent da shi fiye da kima duk suna ƙara haɗarin. Hoton jijiya na yau da kullum ma yakan tsallake karayar, sai an zura na'urar ɗaukar hoto daga cikin jijiya, IVUS ko OCT.

Ban ce su suka karya shi ba, kuma nas-nas ɗinsu mutanen kirki ne. Amma katin sitent yana aljihun Baba, da tsawo da faɗi da sunan jijiyar, babu wanda ya ce a miƙo. Awon hawan jini da karɓar magani, je ku. Ciwon ƙirji kuwa, ba zan sake kai kowa can ba.