Sharhina kan yawon jirgin ruwa zuwa tsibirin Changuu, Zanzibar

Tun da munka dawo Sakkwato mutane ke tambayata ko kuɗin da na kashe sun biya, to ga amsa sau ɗaya kowa shi huta. Ni da uwargida munka tahi Zanzibar ta Abuja da Adis Ababa, kwana biyar, amma abin da zan yi magana kai shi ne yawon yini guda da munka biya wani kamfani a Stone Town, tsohon birnin Zanzibar, ya kai mu ɗan tsibirin da Turawa ka kira Prison Island, su kuma mutanen wurin Changuu, sunan wani kifi ne.

Jirgin na katako ne mai inji da ɗan rufin tamfol, kusan minti talatin cikin teku. Ni da iyakata da ruwa kwalekwalen gulbin Rima, wallahi da igiyar ruwa ta fara ɗaga mu tana ajiyewa ba addu'ar da ban jawo ba, Hajiya kau ta riƙe min hannu kamar za ta karya shi, matuƙin yana ta dariya yana pole pole wai sannu sannu. Rigar ceton da anka ba ni igiyarta guda ta tsinke, sai da na tada jijiyar wuya sannan anka canza min. Wanga sakaci bai yi min daɗi ba ko kaɗan.

Tsibirin ƙarami ne ƙwarai, tsawonshi bai kai kilomita guda ba, kana iya zagaye shi kahin shayi shi huce. Amma kunkuran nan jama'a! Ka manta da ɗan kunkurun da yara ka kamowa bakin fadama, waɗanga wani ya yi girman turmin daka an kife shi, har ya fi. Asalinsu daga tsibiran Seshel ne, gwamnan Ingila na can ya aiko da guda huɗu kyauta a 1919, su anka yi ta haifuwa. An rubuta shekarun wasu da fenti bisa ƙoƙon bayansu, na ga wanda ya haura ɗari da hamsin, na tsaya ina lissafi wato wanga dattijo yana raye lokacin da Turawa sunka shigo Sakkwato a 1903, yana nan yana tauna ganyenshi bai san an yi ba. Nan na fi daɗewa, har Hajiya ta ce Alhaji ko za mu bar ka nan ne? Akwai ɗawisu ma suna yawo abinsu.

Kurkukun kuwa ba wani abin kallo ba ne sosai, tsohon gini ne. Wani Bature Lloyd Mathews ya sai tsibirin a 1893 ya sa anka gina shi, amma ba a taɓa kulle fursunoni ciki ba, sai anka maida wurin na killace masu cuta kamar shawara. Abin ya ba ni dariya don mu ma sai da katin rigakafin shawara munka yi tahiyar. Ɗan rakiyarmu ya iya bayani, kuma Sawahili akwai daɗin ji, habari ɗinsu labarinmu ne, dakika kuma daƙiƙa.

Ruwan bakin gaɓa garai-garai har ƙasa kake gani, na naɗe wando na shiga iya gwiwa. Sai dai mai iyali shi sani Turawa na wanka da shiga irin tasu, sai kau da kai. Zahin ma daban ne, namu busasshe ne, nasu gumi ne mai danƙo.

Inda sunka cuce ni shi ne kuɗin yini guda, alhali awa uku ta ishe ka ganin komai, abincin ranar da sunka yi alkawali kuma ya ƙare a kankana da abarba. Da yunwa munka dawo, sai bayan magariba munka rama a Forodhani, filin bakin teku na Stone Town inda aka saida abinci da dare, da gasasshen kifi da ruwan rake mai citta. In za ka, ɗauki na rabin yini da sassahe, ka yi ciniki da kanka bakin teku, ka tambaya ko kuɗin shiga wurin kunkuru na ciki. Na ba su uku cikin biyar, biyu daga ciki na kunkuru ne.